Baba mai gurmi na kwance a Tawa, waƙoƙinsa na yawo a wayoyinmu

Ɗiyar Ader:
Salama gare ku 'yan uwa, manya da ƙanana. Na daɗe ban yi magana a zauren nan ba, amma yau abin ya tsaya mini a rai.

Makon jiya na je gida Tawa gaisuwar rasuwa. Kafin in juyo Yamai na ce bari in biya in gaida Baba mai gurmi. Ba zan rubuta sunansa ba tunda ban nemi izinin iyalinsa ba, amma duk wanda ya tashi a majami'a tsakanin Tawa, Ƙonni, Galmi da Madawa ya san wanda nake nufi. Na iske shi kwance a kan tabarma a zaure, hawan jini ya taɓa masa hannun dama da ƙafa. Keken ɗinkinsa na rufe da tsohon zane. Gurmin na rataye a bango, tsirkiya ɗaya ta tsinke.

Abin da ya sa ni hawaye ba kwanciyar ba ce, ciwo na kowa ne. Ina cikin mota muna dawowa, wata yarinya a kujerar gabana ta saki waƙa a waya. Waƙarsa ce, wadda ya yi a kan ɗan nan da ya karɓi gadonsa ya tafi ya lalatar. Wasu samari ne suka sake ta da piyano da ganguna. Na tambaye ta waƙar wa ce, ta ce ai ta 'yan Najeriya ce. Mutumin da ya haifi waƙar nan da bakinsa na bar shi ɗazu yana lissafin kuɗin maganin wata.

Shekara arba'in muna rera abin da ya tsara, a aure, a suna, a jana'iza, a Kirsimeti. Me muka taɓa ba shi? Tambayata ke nan, kuma da kaina na fara.

Maman Biyu:
Wayyo Allah, Baba! Yaya, kin tayar mini da tsumi. Shi ya yi waƙa ranar aurena, ya zo daga Tawa har garinmu a bayan motar albasa. Da aka tashi mahaifina ya ba shi kaza ɗaya da kuɗin mota, ya karɓa hannu biyu yana sa albarka kamar an ba shi raƙumi. Allah ya ba shi sauƙi.

Ɗan Koral:
Inna, ku gafarce ni, amma waƙar ɗan da ya tafi da gadon nan tasa ce da gaske? Mu a koral ɗinmu nan Yamai mun fi shekara biyar muna yin ta, ni ke buga mata piyano. A waya na same ta, babu suna, sai lamba kawai. Ni ma na ɗauka daga Jos ta fito.

Tsohon Malamin Lakwal:
Ɗana, tashi ce, ni shaida ne. Saurara da kyau in ka koma gare ta: ina ɗan ya tahi da ya amshi rabonshi? Abija, can Kwaddibuwa. Mi ya saida kahin ya tahi? Gonar gero da 'yar rijiyar garka. Wane mutumin Jos ne za ya tura ɗa mubazzari Abija? Wannan ɗan Ader ne ya tsara ta, yana kallon samarinmu da ke hita biɗa Kwaddibuwa bayan girbi, wasu su komo da rediyo da katifa, wasu a daina jin labarinsu. Shi ya sa in an kai baitin da uba ke tsaye bakin hanya yana duban kowace mota, tsohin mata ke rushewa da kuka. Kowace na da wanda take jira.

Bari in ba ku abin da na sani, don ni da shi tsara ne, ko da ya girme ni kaɗan. Asalin gidansu makaɗa ne. Ubanshi ya yi rashin lahiya aka kai shi asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, shi kuma yana yaro ya bi shi jinya. Nan ya hwara jin waƙoƙin majami'a, nan ya koyi karatun Hausa da boko, da Littafin Waƙoƙi da Littafi Mai Tsarki. Daga baya ya koyi ɗinki, shi ne sana'ar da ta riƙe shi har tsuhwa. Waƙa ba ta taɓa ciyar da shi ba.

A zamanin nan waƙoƙin da muke yi hwassara ce, an ɗauko muryar Turawa an ɗora ma kalmomin Hausa. Muna son su, har gobe ina son su, da su anka binne iyayenmu. Amma Hausa tana da hawa da sauka a cikin kalma. Wuya na jiki daban, wuya ta wahala daban, muryar kawai ke raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya haka. Gari da ake zama da gari na tuwo, jan wasali ne tsakaninsu. In muryar waƙa ta hau inda kalma ke sauka, sai baƙo ya zauna ya ji daɗin sauti bai kama zancen ba. Shi abin da ya yi, ya bar kalma ta ja murya, kamar yadda makaɗan gidansu ke yi. Ya ɗauki labari ɗaya, ya yi bayarwa, jama'a su yi amshi. Tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba, sau biyu za ta ji ta riƙe.

Kuma kada ku ɗauka an amshe shi da tahi. Ranar da ya hwara shigowa da gurmi cikin majami'a, dattawa biyu sunka tashi sunka hita. Ba don mugunta ba. Su daga bori sunka hito, a kunnensu goge da garaya kiran iskoki ne, duk wani abu mai tsirkiya kuma ɗan uwansu ne. An yi wata da watanni ana ja. Abin da ya sassauta zancen biyu ne: Zabura ta 150 da ta lissafa ƙaho da molo da sarewa da kuge ta ce a yi yabo da su, da kuma rediyo. Muna kama Muryar Bishara a gajeren zango, shirin Hausa da ake haɗawa a Jos a watsa daga Adis Ababa, har lokacin da sojan Habasha sunka ƙwace tashar a 1977. Da dattawan sunka ji 'yan uwa na can suna yabo da kayan kiɗin gida, sai jikinsu ya yi sanyi.

Mai Ajiya:
Na gode Malam, tarihi ya fito. Amma ƙanwata Ɗiyar Ader, ina da ja a kan yadda kika ɗora tambayar. Taimakon marar lafiya wajibi ne, ko bai taɓa buɗe baki ya yi waƙa ba, kuma zan sa hannu a ciki. Amma cewa muna da bashinsa saboda waƙa, nan ne ban yarda ba. Ubangiji ya ce kyauta muka samu, kyauta za mu bayar, Matiyu 10:8. Mai share majami'a fa? Malamar da ta shekara talatin tana koyar da yara ranar Lahadi fa? Su wa ya biya?

Ni na riƙe asusun ikilisiya shekara da shekaru, na ga inda ƙofar nan take kaiwa. Yanzu ka gayyaci wani matashi taron farkawa, kafin ya ce to sai ya tambayi nawa. A tsakiyar sujada ana tasowa ana liƙa masa kuɗi a goshi, shi kuma ya karkata waƙar ta koma kirarin wanda ya liƙa. Wannan roƙo ne aka sa wa rigar bishara. Darajar Baba ita ce bai taɓa yin haka ba. Kada mu zo a ƙarshen rayuwarsa mu sa masa farashi.

Ɗiyar Ader:
Yaya Mai Ajiya, ban musa maka zancen liƙi ba, ni ma yana ƙona mini rai. Amma ka buɗe Nehemiya 13:10. Da ya dawo Urushalima ya iske Lawiyawa da mawaƙa kowa ya koma gonarsa, don an daina ba su rabonsu. Bai yi wa mawaƙan faɗa ba. Shugabanni ya tara ya tambaye su me ya sa aka yi watsi da Haikalin Allah. A 1 Tarihi 9:33 kuma an ce mawaƙa suna zaune a ɗakunan Haikali, an ɗauke musu sauran ayyuka, don dare da rana suna kan nasu.

Shi ya bayar kyauta, ya cika nasa. Ayar da ka kawo shi take umarta, ba mu take ba lasisin karɓa mu juya baya ba. Sau nawa ya rufe shago ana gobe Sallah, lokacin da tela ke samun kuɗin rabin shekara, don an kira shi jana'iza a ƙauye? A yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El Buhari, mahaifiyata ta ce yana bin gidaje da dare yana yi wa mutane waƙar Iliya da gwauruwar da garinta bai ƙare ba, alhali gidansa ma ba a ɗora tukunya ba. Malamar yara da mai shara da ka ambata, su ma a duba su. Rashin adalcin da aka yi wa mutum uku ba ya zama adalci don an raba shi daidai.

Alhajin Kasuwa:
Assalamu alaikum. Ni ba ɗan majami'a ba ne, amma tunda zauren na 'yan Tawa ne duka, ku ba ni dama. Shagon mahaifina na jikin nasa. Shi ya ɗinka mini rigar da na sa ranar saukar Alƙur'ani, bai karɓi ko dala ba, ya ce tukuicinsa ke nan. Yana ɗinki yana ƙus-ƙus da waƙa, allura a baki, wani lokaci ya tsayar da keke ya jawo wani littafin lakwal ya rubuta layi biyu ya ci gaba. Mu yara har mun haddace wasu ba mu san na coci ba ne.

Abin da zan ce wa Mai Ajiya: a wurinmu ma ladan da mai koyar da allo ba albashi gare su ba, amma unguwar da ta bar ladaninta ya tsufa cikin yunwa ita ke da abin kunya, ba shi ba. Idan kun tsayar da magana, ku sa ni a lissafi da jaka ashirin. Haƙƙin maƙwabtaka ne.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri Alhaji. Tawa ke nan da muka sani.

Ɗan Koral:
Tun ɗazu nake karantawa jikina a mace. Zan faɗa wa koral ranar Asabar, kuma daga yanzu duk inda muka yi waƙar za mu faɗi mai ita.

Amma Baba Mai Ajiya, ku bar ni in kare tsarata kaɗan. Ba duk mai tambayar nawa ne maroƙi ba. Gurmi ƙwarya ce da fata da sanda, in ya lalace a gyara a gida. Mu piyanon da nake bugawa sai da muka yi shekara biyu muna tara kuɗinsa. A taro sai an yi hayar sono, in kuran ya ɗauke sai an zuba wa gurup, injin ba da wuta, mai. Studiyo a kan kowace waƙa ake biya. In ka gama ka fitar, rana ɗaya ta shiga WhatsApp, shi ke nan, ba mai sayen komai. Da can ana sayar da kaset a bakin majami'a a mai da kuɗi, yanzu wannan hanyar ta mutu.

Muna kallon su Panam Percy Paul, mutumin Adamawa da aka haifa a 1957, ya zauna Jos ya kafa studiyonsa da makarantar koyar da kiɗa, ya yi rayuwarsa duka a kan waƙar bishara. Muna kallon su Solomon Lange da ke yi da Hausa ana ji har nan. Amma su a bayansu akwai miliyoyin masu saurare da manyan majami'u. Mu a Nijar Kirista 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma da yawa daga majami'un Yamai da Faransanci ko Zabarmanci ko Gurmanci suke sujada. Wanda ya ce zai ci abinci da waƙar bishara ta Hausa a nan, da wuya. Shi ya sa abokaina biyu masu hannu sosai suka koma buga wa ƙungiyoyin biki.

Mai Ajiya:
Ɗana, kuɗin mota da na kaya ban taɓa hana kowa ba. A faɗa tun farko, ikilisiya ta fitar daga asusu, a rubuta. Abin da na ƙi shi ne ciniki a kan bagade. Ƙanwata kuma, na karanta Nehemiya, na karɓi gyara a rabi. Rabon mawaƙa ta hannun ma'aji yake bi, daga ɗakin ajiya, ba daga aljihun mai kuɗi zuwa goshi ba. In haka za a yi wa Baba, ikilisiyoyin da suka ci moriyarsa su yanka masa wani abu duk wata, ni zan kai maganar gaban dattawanmu ranar Lahadi. Amma kalmar biya har yanzu ba ta kwanta mini ba.

Mai Studiyo:
Kuna ta zancen kuɗi, ni wani abu ke damuna. Yaya Ɗiyar Ader, bakinsa na fita? Yana iya rerawa?

Ɗiyar Ader:
Yana fita sarai. Muryar ta yi rauni, numfashi na yanke masa, amma da na fara masa amshin wata sai ya kama ya kai baiti huɗu bai yi tuntuɓe ba. Hannun ne ba ya iya kaɗa tsirkiya.

Mai Studiyo:
To wannan shi ne na gaggawa. Kuɗin magani za a tara ko yau ko gobe, amma abin da ke cikin kansa in ya tafi ya tafi. Ina da ƙaramar na'urar ɗaukar murya da makirfo biyu, da batir suke aiki, ba ruwansu da kuran. Zan je kyauta, ku dai ɗauki kuɗin mota, tafiyar ta fi kilomita 500. Kwana uku, da sassafe kafin zafi da hayaniyar babura, waƙa biyar ko shida a rana don kada a gajiyar da shi. Kowace waƙa ya fara faɗin sunansa da bakinsa, da lokacin da ya tsara ta, da dalili. Wannan shi ne shaidar da ba mai gogewa.

Bayan nan a rubuta baitocin, a kai BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa da ke nan Yamai, a yi musu rajista da sunansa. Kada in yaudare ku, ba wani kuɗin kirki zai fito daga nan ba, tunda inda ake rera waƙoƙinsa ba wuraren da ake karɓar kuɗin haƙƙi ba ne. Amfaninsa shi ne gobe wani ba zai buga su ya ce nasa ne ba.

In an dawo sai in ɗora piyano da ganguna a ƙarƙashin muryar, in ɗan gyara inda ta karkace, don matasa su saurara.

Tsohon Malamin Lakwal:
A'a ɗana, nan kam tsaya. Duk abin da ka hwaɗi na yarda, ban da na ƙarshe. Inda kake jin ta karkace, ba karkata ba ce, piyanonka ne ba shi da wurin. Na ji wadda samarin nan sunka sake. Sun daddatse ta don ta shiga awon gangunansu, baitin da uba ke jan sunan ɗanshi har numhwashi ya ƙare sun mai da shi abin rawa. A ɗauki tsoho yadda yake, da tarinshi da kukan akuyar gidan. In kuna son ta zamani ku yi taku daban, ku rubuta wa ya tsara. A samo mai gurmi ya zauna kusa da shi, Tawa ba ta rasa makaɗa ba, garin da ake gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu.

Ɗan Koral:
Baba Malam, ina ganin a yi biyun. Ta asali a ajiye ba a taɓa ba. Amma in ba mu yi ta zamani ba, ƙannena ba za su buɗe ta ba, gaskiya ke nan. Yarinyar da Inna ta gani a mota, ta samarin ce ta kai waƙar kunnenta.

Tsohon Malamin Lakwal:
Na ji. Amma sai ka je ka zauna gabanshi ka koya daga bakinshi tukun, kahin ka taɓa piyano.

Ɗiyar Ader:
Zancen ajiyewa ya tuna mini. Alhaji ya ambaci littafin lakwal da yake rubutu a ciki. Guda uku ne. Ɗaya gara ta ci. Ɗaya ya ara wa shugaban koral ɗinmu na wancan lokacin ya kawo Yamai don a kwafe, yana cikin akwatin majami'a ranar 17 ga Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a garin nan, ya tafi tare da ganguna da kujeru. Ban kawo wannan don tayar da tsohon miki ba, a ranar ma maƙwabtanmu Musulmi ne suka shigar da mu gidansu suka rufe ƙofa. Na kawo ne don ku san saura ɗaya tak, yana ƙarƙashin matashinsa. Baba bai taɓa tambayar inda na biyun ya shiga ba, mu kuma kunya ta hana mu faɗa masa.

Alhajin Kasuwa:
Wannan ranar baƙin ciki ce gare mu duka. Hajiya, in an je a ɗauki hoton kowane shafi na wanda ya rage, a buga kwafi da yawa a rarraba gida-gida. Kuɗin bugun na kaina, ban da jaka ashirin ɗin.

Maman Biyu:
Mu a zumuntar mata akwai waɗanda muka riƙe da ka, musamman na jana'iza da na girbi. Zan tara tsofaffinmu ranar Alhamis mu rera a waya mu turo, a kunna masa, wataƙila su tuno masa da waɗanda ke cikin littafin da ya ƙone.

Ɗiyar Ader:
Yanzu na gama waya da ɗiyarsa, na karanta mata abin da kuka rubuta, ita kuma ta faɗa masa. Ta ce ya yi shiru ya daɗe. Zancen kuɗi ya ce a yi da ita, shi ba ya so ya ji adadi. Ɗaukar murya ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a fara da waƙar Iliya, don yana ganin ita ce mutane suka fi ɓata wa baiti. Na biyu, a zo masa da yaron nan mai piyano, yana so ya ji yadda suke yin ta ɗan da ya tafi Abija, kuma akwai baiti biyu na ƙarshe da bai taɓa jin kowa ya kai ba.

Na kuma roƙe ta ta faɗa masa gaskiyar littafi na biyu. Ta ce ya sani tun shekarar.

Mai Studiyo, Juma'a mai zuwa ta yi maka? Ɗan Koral, ka nemi izini a wurin aiki. Malam, wa za mu nema a Tawa ya ɗaura wa gurmin tsirkiya kafin mu iso?

Tsohon Malamin Lakwal:
Bar mini wannan. Akwai jikan ƙanen ubanshi a bayan kasuwa, shina kiɗi har yanzu. Gobe da sahe in aika a ɗauko gurmin.

Ɗan Koral:
Zan zo Inna. Motar asuba za mu shiga ko ta dare?